Rawutar Hamma da Kindirmon Indo

Saura minti ashirin a fara yi wa Hamma intabiyun neman aiki ta bidiyo, intanet ɗin gidansu ya ce bai san zance ba.

Hamma fa, injiniyan garin Toranke! Shi ya sayo rawuta, na'urar raba intanet, daga Kano, ya jona ta a ɗakin kakarsa Indo, inda sola take. Ya kashe waya ya kunna, ya hau katanga ya sauko. Shiru. Sai ya kira kamfanin intanet ɗin ya balbale su da faɗa.

"Yallaɓai, ka duba fitilun jikin rawutar?" in ji yarinyar kamfanin.

"Ni za ki koya wa aiki? Da hannuna na haɗa ta!"

Saura minti biyar, girman kai ya ƙare. Ya faɗa ɗakin Indo a guje. Babu rawuta a kan teburi, sai wayar wutarta da ta shige ƙarƙashin wani kifaffen daron ƙarfe. Ya ɗaga. Ga rawuta an naɗe ta da zani, ga ƙwaryar madara zaune daram a kanta.

"Kai angona, rufe mini!" in ji Indo. "Madarar ba ta yi barci ba tukuna."

"Indo, intanet ne fa!"

"Ko ma mene ne, ɗuminsa daidai ne. Tunda na gano shi, kindirmona ke fara ƙarewa a kasuwar Ajingi. In sun ɗauke ka aikin, ka sayo mini babba."