Ludayi na Huɗu

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ina 'yar ƙarama, Inna ta zaunar da ni bakin murhu. Awonta ba ya sakewa: curin tsamiya mai nauyin ƙwan zabo, in an jiƙa, ludayi uku ne na ruwan tsami, daidai kunun gidanmu. Ran nan curin ya rinjayi hannuna. Na zuba uku, na tsaya.

Ta ce, "Ƙara ɗaya."

Na ce, "Inna, garin fa bai kai na jiya ba."

Ta dubi rumbu, ta daɗe. "Ƙara. In tsami ya kashe wa ƙannenki haƙora, ba za su nemi ƙari ba."

Na ƙara. Har yau in na ji ƙanshin tsamiya, sai na je na leƙa rumbu.