Mai Harbin Tsuntsu Mai Kan Giwa

Kwana uku ya rage a ƙone gawar Luang Pho Khamdi, babban malamin gidan bautar unguwarsu, lokacin da aka ɗora wa tsuntsun jana'izarsa kai. Jikinsa na gora ne da takarda mai launi, tsayinsa ya wuce rufin makaranta. Fukafukansa shuɗi da kore, kansa kuwa na giwa, da haure biyu da dogon hanci mai lanƙwasa. A gadon bayansa za a ɗora akwatin gawar. Buaphan ta tsaya daga nesa da jakar littattafan 'yan ajinta, ta kasa matsawa.

Kowa a garin Ubon ya san ƙa'idar. Ba a cinna wa tsuntsun wuta da ransa. Sai an kashe shi da kibiya sannan yake yarda ya ɗauki mamaci zuwa sama, kuma ba mai harbinsa sai mace daga jinin 'yar sarkin da ta kashe na farko. Shekara arba'in Thongsi, mahaifiyar Buaphan, ke riƙe da bakan. Bara ɓarin jikinta ya shanye.

Bunma, shugaban masu ƙera tsuntsun, ya leƙo ta ƙarƙashin fiffike. "Malama, ki taimaka ki nufi ƙirji. Ni zan zauna a ciki ina jan igiyar hanci, kuma ƙafafun nan biyu su kaɗai gare ni."

Ta yi masa dariyar da yake jira, ta wuce gida.

A bangon ɗakinsu akwai hotuna biyu. Kakarta, doguwa fara, riƙe da baka. Mahaifiyarta, gajeriya baƙa, riƙe da bakan nan dai. Babu hoton namiji ko ɗaya. Tana 'yar shekara goma sha biyu ta tambayi ina na babanta, sai Thongsi ta zaunar da ita ta faɗa mata gaskiya. Wata safiya Luang Pho ya tsinci jaririya a matakalar gidan bauta, naɗe da tsohon zane, ya kawo wa Thongsi. A lokacin ta dawo ke nan daga doguwar jinya a ƙauye, don haka ba wanda ya yi tambaya. Su uku suka san zancen, ga shi ɗaya yana cikin akwati.

Shekara ashirin Buaphan tana koyar da kimiyya. Ta san jinin da zai zubo daga ƙirjin tsuntsun jan rini ne da Bunma ya ɗura a leda. Amma ta san labarin matar wani gari da ta ɗauki baka ba gadonta ba: iska ta kifar da tsuntsun, akwati ya faɗo gaban jama'a, matar kuma ba ta sake gane 'ya'yanta ba. Ba kanta take ji ba. Idan tsuntsun bai mutu ba, mutumin da ya ɗauke ta daga matakala shi za a bari a hanya.

Tana ba mahaifiyarta shinkafa da gasasshen kifi a baki ta roƙe ta izini ta gaya wa dattawa, a nemo wata daga dangi. Thongsi ta daɗe tana taunawa. Magana yanzu da ƙyar take fitar mata. Ta ce ba su da wani dangi.

"Ki ja tsirkiya har kunne. Kar ki rufe ido." Iyakar abin da ta ƙara ke nan.

Washegari Buaphan ta je gidan shugaban dattawan da niyyar faɗin komai. Ya tarbe ta da murna, ya ce garin ya yi sa'a da jinin gidansu bai yanke ba. Suka yi zancen kujeru da ruwan sha, ta dawo.

Ranar ƙonawa, bayan rana ta karkata, ɗaruruwan mutane suka ja tsuntsun da igiya zuwa fili. Yana kaɗa hanci, yana ƙifta ido, yana watsa wa jama'a furanni. Aka sa wa Buaphan doguwar hular zinariya da ta yi mata ɗan yawa. Ta zagaya shi sau uku da rawa yadda ta ga ana yi tun tana ƙarama. Sannan ganguna suka yi shiru.

Ta ja tsirkiya. Kibiyar ta shige ƙirji, jan ruwa ya gangaro, hancin ya saki, kan ya sunkuya. Bunma ya fito, aka cinna wuta. Hayaƙi ya miƙe sak. Mata suna kama hannunta suna cewa hannun uwarta sak ta ɗauko.

Ba ta tsaya cin abinci ba. Ta iske Thongsi a kishingiɗe bakin taga, inda ake hango hayaƙin. Ta durƙusa, hular har yanzu tana kanta, ta ce ko ba ta sami ƙirjin ba da jinin ya zubo, don Bunma ne mai sakinsa. Ba ta da hanyar sanin ko tsuntsun ya mutu.

"Inna, na yaudari gari, na yaudari mamaci. Ke da kika gada kin san bai kamata ki bar ni ba."

Thongsi ta ɗaga hannunta mai lafiya ta share mata hawaye.

"Haka na yi kuka ranar harbina na farko," ta ce a hankali. "A cikin kwandon kifi kakarki ta tsince ni, a bakin kogin Mun, kuma ita ma har ta mutu ba ta san wadda ta haife ta ba."