Tsarabar Suruki

Tunda ka ce gobe za ka shiga kasuwa neman kibod na kwamfuta, zauna ka ji wannan tukuna, don na ga idonka yana kan mai walƙiya.

An yi wani mai buga wa mutane takardu a kwamfuta, shagonsa na bakin ƙofar wata kwaleji. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa kamar rogo, tun safe har la'asar yana kan aikin ɗalibai. Da wuyan hannunsa ya fara tsami, sai ya shiga kasuwa ya bi shaguna, duk kibod ɗin da aka miƙo masa sai ya zauna ya ɗora hannu ya gwada, har masu kaya suka gaji da shi. Daga ƙarshe ya dace da wani mummuna: a rabe yake gida biyu, tsakiyarsa ta yi tozo, ga ɗan matashi a gaba inda gindin tafin hannu ke hutawa, madannansa kuma ba sai an danna da ƙarfi ba. Maƙwabta suka yi ta yi masa dariya, wai mota ce ta taka shi. Bai kula su ba, don hannuwansa sun sami wurin zama daidai da faɗin kafaɗarsa, tsamin kuma ya tafi.

Ana nan sai surukinsa ya dawo daga Umra, ya aiko masa da tsaraba. Kibod ne siriri, fari fat, shafaffe kamar faranti, madannan a cunkushe, yana ta kawo wuta kala-kala. Mutumin yana ɗora hannu ya san ba daidai da shi ba ne. Sai ya matse gwiwar hannu a ciki, ya karya wuyan hannun waje, kafin yatsun su sami gurbi. Amma ka san mu da kunyar suruki. Ga shi dattijon ta ƙofar shagon yake bi zuwa masallaci, kuma ba ya wucewa sai ya tsaya ya leƙa ciki. Mutumin ya ce a ransa, ai tsarabarsa yake dubawa. Ya naɗe mummunan nan a tsumma ya tura ƙarƙashin tebur, ya ajiye mai walƙiya a sama inda kowa zai gani. Tsami ya dawo, ya daure. Yatsu suka riƙa daskarewa, sai ya yarfe hannu ya ci gaba. Matarsa ta ce ya bari ta yi wa mahaifinta magana, ya rantse in ta yi ba da yawunsa ba. Ya shafa man zafi, ya ɗaure da ƙyalle, kullum dai gobe zai canza, gobe kuma sai dattijo ya sake leƙowa. Abin haushi, maganin yana nan kusa da ƙafarsa yana shan ƙura. Sai da ta kai ba ya iya sa maɓallin rigarsa, lomar tuwo tana suɓuce masa, sannan ya je asibiti. Aka ce jijiyar wuyan hannun ta daɗe a matse, ya makara, ko an yi aiki yatsun ba za su koma kamar da ba. Ɗalibai ba sa jiran mara lafiya, suka koma shagon gaba.

Da surukin ya zo dubiya, mara lafiya ya sunkuyar da kai ya ce da sauƙi. 'Yar ce ta kasa haƙuri, ta fashe da kuka ta gaya wa uban komai, har da leƙen da yake yi kullum. Dattijo ya yi ƙoƙarin tunawa, sannan ya ce, “Wace tsaraba? Au, abin nan mai wuta? Yaro, ni agogon bangonka nake dubawa, kada jam'i ya wuce ni.” Ashe ko sau ɗaya idonsa bai taɓa sauka kan teburin ba. Mutum ya ba da hannuwansa biyu, sana'arsa da abincin gidansa, don ya kare ran wanda bai ma san ana yi ba. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Don haka in ka je goben, kada ka saya da idon mai shago, ko na aboki, ko na wanda kake jin nauyi. Zauna ka ɗora hannunka, ka yi bugu, ka saurari abin da wuyan hannun zai gaya maka. In ya ƙi, ka ƙi, ko wa ya miƙo maka. Ba wanda zai ji tsamin a madadinka, kuma ba wanda zai gan shi in ka rufe baki. Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.