Hannun da Ke Bayan Kujera

Torkild, Bodil, ku matso nan, kun san muryata ba ta kai ƙofa. Tun da muka binne ubanku kuke damuna da zancen wurin da aka bar mini a gefensa, a bayan coci. Ku ajiye shayin nan ku saurara tukuna.

Bayan yaƙin duniya, da sojojin Jamusawa suka fita daga ƙasar nan, akwai wata yarinya a Kopenhagen da allon sinima ya sani da suna Vibeke. Ba ta fi sauran 'yan mata kyau ba, murya ce kawai ta ɗaga ta. A finafinan nan na baƙi da fari, masu inuwa a jikin bango da takun ƙafa a matakala, in ta ƙwalla ihu sai ka ga ƙato ya damƙe hannun kujera. Ba don muryar ba, da tana bakin ruwa tana feɗe kifi kamar uwarta.

Mai fitowa a matsayin makashinta kullum Preben ne, tsohon ɗan wasan dandali mai zobe a kowane yatsa. Ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Ga 'yar mai kifi ta iso," in ji shi kowace safiya. "A buɗe taga."

"Tallabi kofinka da hannu biyu, kawu," sai ta ce. "Giyar jiya na neman zubar maka da na yau."

Gaskiya ta faɗa. Hannunsa rawa yake yi har cokali na ƙara a faranti.

A wurin ba a kiran ƙananan ma'aikata da suna. Mai kula da manyan fitilu, Fitila kawai ake ce masa. Ƙato ne mara magana, fitilun sun bar masa tabon ƙuna kamar jinjirin wata a gindin babban yatsa. Shi ke ajiye mata madara mai ɗumi da zuma saboda maƙogwaro. Da ya yi mata zancen aure, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Ranar da ihu ya ƙare mini, ka zo. Kafin nan haska ni kawai."

Saura fitowa ɗaya a gama fim ɗin hunturun nan. Za a ɗaure ta a kujera, hannu ya zo ta baya ya shaƙe ta. Kyamara dab da ita, wuya da hannu kaɗai za a gani. Darakta ya kori kowa daga ɗakin, ya bar mai kyamara, da Fitila, da Preben.

Preben ya dinga zare zobbansa ɗaya bayan ɗaya yana kallonta. "Yau dai kunnuwana za su huta."

"Ka fara samo wuyan tukuna, mashayi."

Aka kunna fitilu a fuskarta, komai ya ɓace mata sai farin haske. A gwaji, yatsun Preben suka sauka a fatarta, sanyi ƙalau, suna kaɗawa. Darakta ya ja tsaki. Ta ji ya zagaya bayan kujera, ta ji raɗa, ta ji motsin takalma. Sai ya ce a ɗauka.

Wannan karon hannun bai kaɗa ba. Ta ce a ranta, lallai ƙiyayya ta tsayar da shi. Ta buɗe baki, ihun ya fito rabi, sauran ya maƙale. Yatsun suka nutse. Ta shura ƙafa, igiya ta ci hannunta, darakta kuwa bai ce a tsaya ba, don bai taɓa samun tsoro mai kyan wannan ba. Wani abu ya ce ƙas a maƙogwaronta.

Da ta farfaɗo, a hannun Fitila take, yana gudu da ita neman likita. Preben na biye da su, fuska fari fat.

"Vibeke, na rantse miki, ni ban..."

"Rufe mana baki!" in ji darakta. Shi da mai kyamara ba su sake ta da zancen ba har suka mutu.

Fim ya yi suna. Preben bai sake samun aiki ba, mata na tofar da yawu in ya wuce, har ya mutu a ɗakin haya shi kaɗai. Da Vibeke ta ji, cewa ta yi ya ma daɗe a duniya.

Murya ba ta dawo ba. Fitila ya zo da kwalbar zuma ya tsaya a ƙofa. "Kin ce in zo."

Ta aure shi, ta koma sunanta na yanka, ta rantse ba ita ba sinima. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Abin da ya fi yabawa a gidansa shi ne shiru.

Lahadin da ta wuce, da rana, sinimar unguwa ta saka tsofaffin finafinai. Vibeke, da tsufanta, ta ɗauki sanda ta tafi ita kaɗai, don ta ga abin da Preben ya yi mata. Hannun ya cika allo, girmansa ya kai ƙofar gida. A nan ta tuna abin da ko mai shara a sana'ar ya sani, cewa in hannu kaɗai za a nuna, na kowa ma ya yi.

To, ku yanke hukunci, ni na gaji. Ku je ku kalla, har Asabar ana nunawa, sannan ku dawo ku gaya mini ko a gefensa za ku kwantar da ni. Wuyan nawa ne, jinjirin watan da ke gindin yatsan kuwa ba sai na gaya muku ba, hannun nan ne ya riƙe ku zuwa makaranta.