Ruwan rake a yatsan ƙanwata

Damina ta ɗauke, an shanya dawa a bayan gidanmu na Dutsen Kura, aka sa ni korar kurciyoyi. Baba yana zaune kusa da shukar zoɓo, ƙanwata a cinyarsa. Ya shafa mata ruwan rake a yatsa, sai ga malam-buɗe-littafi mai ruwan ɗorawa ya sauka a kai.

Na yar da karana na matso. "Baba, ni ma shafa min."

Ko juyowa bai yi ba. "Kai da ba ka zama wuri ɗaya? Koma, ga su can sun sauka."

Bara, bayan mun girma, na yi wa ƙanwata zancen, ta ce sam ba ta tuna ba. Ni da aka hana, har yau ƙanshin raken nan yana hancina.