Dariyar Inna a Sabon Akwati

"Wannan ɗan akwatin ne zai dawo min da muryar uwarku?" Baba ya tambaya, yana yi masa kallon raini.

"Shi ke juya abin da waya ta ajiye ya zama sauti, Baba," in ji 'yarsa, tana jona shi da manyan lasifikan falo. "Na cikin wayar cinye rabin murya yake yi."

Abin da Inna ta bari ke nan da ta rasu: gajeren saƙon murya a tsohuwar waya mai shaƙaƙƙen lasifika. A ciki ta ce, "Babanku bai rage ni da komai ba," sai 'yar dariya. Duk baƙon da ya zo sai Baba ya kunna masa, yana hura hanci. Yau har ƙannenta ya kira, su da suka daɗe suna cewa yayarsu ta sha wuya a hannunsa.

Aka kunna. Muryar ta fito tar, kamar tana zaune cikinsu. Har numfashinta aka ji. Ta faɗi maganarta, sai dariyar ta biyo.

Ashe ba dariya ba ce. Kuka ne, irin wanda ake toshewa da bakin zane.

Ƙannen suka sunkuyar da kai.

"Cire shi," Baba ya ce. "Akwatin banza, ɓata murya yake yi."

'Yar ba ta motsa ba. "Baba, mu tun a wayar muka ji. Kai kaɗai kake jin dariya."