Gidan da Mashaƙon Ya Fara

Bai jira an amsa sallamarsa ba ya kutsa cikin zauren. Kwana goma sha ɗaya ke nan jami'in lafiya yana kan babur yana bin sawun cutar mashaƙo mai toshe maƙogwaron yara, daga Ajingi har Toranke, gida-gida, yana tambayar wa ya kwana kusa da wa, wa ya sha a kofin wa. Yara bakwai aka binne. Duk inda ya bi, nan gidan ake nuno masa, inda yarinyar farko ta rasu.

Maigidan na zaune yana ɓarar gyaɗa.

"Malam, ba ka ji tsoron Allah ba?" in ji jami'in. "'Yarka tana kwance wuya a kumbure, ka ɓoye ta a ɗaki kana ɗura mata jiƙo. Da ka kai ta asibiti, da 'ya'yan mutane shida suna raye."

Mutumin ya tashi ya shiga ciki, ya fito da katin asibiti a cikin leda.

"Na kai ta, likita. A keke na goyo ta, ranar kasuwa. Layi ya yi tsawo, mai dubawa bai ko ce ta buɗe baki ba. Ya ce mura ce, mu koma gida."

"Wane sakaran ne ya duba ta?"

Mutumin ya miƙo katin. Jami'in ya fizge. Rubutun a karkace yake, na mai gaggawa, a ƙasa kuma ga sa hannun da shi kansa ya shekara ashirin yana yi.